Na'urar amsa waya a gida: Abubuwan da ya kamata a bincika kafin a saya

Mutum yana iya shiga kasuwar kayan lantarki da niyyar sayen na'urar da za ta riƙa amsa masa kira idan ba ya gida, ya biya kuɗi, ya dawo da akwati mai kyan gani, sannan ya tarar babu inda zai jona ta a duk faɗin gidansa. Wannan shi ne kuskure mafi yawa a harkar, kuma yana faruwa ne saboda an ƙera na'urar domin wayar girke mai igiya, irin wadda ta kusa ɓacewa daga gidajen Najeriya.

Duk da haka buƙatarta ba ta mutu ba. Akwai dattijon da ke zaune shi kaɗai da rana, wanda kafin ya yunƙura ya isa wurin waya kiran ya yanke. Akwai ungozoma ko ma'aikacin jinya da ke karɓar kira a gida, da tela ko mai sayar da abinci da ta mai da zauren gidanta wurin sana'a. Akwai kuma dubban 'yan uwanmu da ke zaune a Ingila, Amurka, Jamus da Faransa, inda har gobe layin gida yake da matsayinsa, kuma asibitoci da makarantu da ofisoshin gwamnati suke barin saƙo a kansa. Ga irin waɗannan mutane, kiran da ya wuce ba tare da saƙo ba yana iya zama ranar ganin likita da aka ɗage, ko ciniki da ya suɓuce.

Daga wayar ƙarfe zuwa ƙwaƙwalwar lantarki

Tunanin naɗar muryar mai kira ya haura shekara ɗari. A 1898 wani injiniya ɗan ƙasar Denmak mai suna Valdemar Poulsen ya yi rajistar wata na'ura da ke naɗar sauti a jikin siririyar wayar ƙarfe ta hanyar maganaɗisu, kuma ya baje kolinta a birnin Paris a 1900. Sai dai an daɗe kafin abin ya shiga gidaje. A Amurka, kamfanin AT&T wanda ya mamaye harkar tarho ya hana jona duk wata na'ura da ba tasa ba a layinsa, har sai da hukumar sadarwa ta ƙasar ta yanke hukuncin da aka sani da Carterfone a 1968, wanda ya buɗe ƙofa ga sauran masu ƙera kaya. A 1971 kamfanin PhoneMate ya fito da wata na'ura ta gida mai nauyin kusan kilo huɗu da rabi, wadda ke ɗaukar saƙo 20 a kan zaren naɗar sauti.

Bayanta aka shiga zamanin kaset. Wasu na'urorin suna da kaset biyu, ɗaya na gaisuwar mai gida, ɗaya na saƙonnin masu kira. Daga shekarun 1990 aka koma ga ƙwaƙwalwar lantarki, wadda ba ta da zaren da zai tsinke ko ya nannaɗe. Duk wata sabuwar na'ura da ke kasuwa a yau irin wannan ce. Idan mai shago ya fito maka da mai kaset, to tsohon kaya ne mai shekaru da yawa, robobin da ke juya shi sun daɗe da bushewa, kuma neman ƙaramin kaset ɗinsa kaɗai aiki ne.

A nan gida, na'urar ba ta taɓa zama ruwan dare ba, domin layin da take dogara da shi bai taɓa wadata ba. Kamfanin NITEL da aka kafa a 1985 bai kai ga samar da layi rabin miliyan ba ga ƙasa mai mutum fiye da miliyan 100, har zuwa watan Agustan 2001 da wayar salula ta fara aiki. Daga nan jama'a suka tsallake wayar girke gaba ɗaya. Kamfanonin da suka kawo wayar tebur maras igiya, irin su Starcomms da Multi-Links da Visafone, sun yi zamaninsu sun wuce.

Tambayar farko: wane irin layi gare ka?

Na'urar amsa waya tana buƙatar wata 'yar kafa mai kusurwa huɗu da ake kira RJ11, wadda igiyar wayar girke ke shiga. Ta wannan kafa take jin bugun kira, ta ɗaga, ta yi magana, ta naɗa. Don haka kafin a yi maganar launi ko farashi, a fara duba ko akwai wannan kafa a gidan. Hanyoyi uku ne ake samun ta.

Ta farko ita ce tsohon layin igiyar tagulla da ke shigowa ta bango. Wannan yana gab da ƙarewa ko a ƙasashen da suka fi amfani da shi. A Ingila an tsayar da ƙarshen watan Janairun 2027 domin rufe tsohon tsarin, a Faransa kuma kamfanin Orange ya daina sayar da sabon layin tsohon tsari tun watan Nuwamban 2018.

Ta biyu ita ce kafar da ke bayan na'urar rarraba intanet, musamman ta igiyar faiba. Idan ka juya bayanta ka ga wata ƙaramar kafa da aka rubuta wa TEL ko aka zana hoton kan waya a samanta, ita ce. Amma kasancewar kafar ba ya nufin tana aiki. Sai kamfanin ya ba ka lambar waya ya kunna ta daga wurinsa, kuma ba kowane kamfani yake yin hakan ba. A tambaya tun kafin a fita kasuwa. Wanda aka ba shi irin wannan lamba a Najeriya ya kuma tuna cewa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta sauya tsarin lambobin wayar girke daga farkon 2024 ta hanyar ƙara 02 a gaba, ta yadda lambar Kano da ke farawa da 064 ta koma 02064, ta Abuja kuma ta koma 0209. Mai raba tsohuwar lamba ga dangi zai daɗe yana jiran saƙon da ba zai zo ba.

Ta uku, wadda ta fi dacewa da yawancin gidajenmu, wani ɗan akwati ne da ake saka masa layin salula, yana da eriya a gefe da kafar RJ11 a baya. Aikinsa shi ne ya mayar da layin salula kamar wayar girke. Da shi za a iya jona waya da na'urar amsa kira a gidan da igiya ba ta taɓa shiga ba. Kada a rikita shi da wayar tebur da ake saka wa layi kai-tsaye. Yawancin waɗannan ba su da kafar da za a jona musu wata na'ura, abin da suka zo da shi daga masana'anta shi ke nan. A kuma duba zamanin fasahar da akwatin ke aiki da ita, domin masu arha da dama 2G kaɗai suke kamawa, kuma idan sabis ɗin 2G ya yi rauni a unguwarku, murya za ta riƙa yankewa ko da na'urar amsawar ta fi kowace kyau.

Akwai matsala guda da ke yawan fitowa idan an haɗa na'urar da irin wannan akwati ko da kafar intanet. Na'urar tana gane cewa mai kira ya ajiye waya ne ta ɗaya daga cikin alamu uku: shiru mai tsawo, ko sautin layi a cike, ko ɗan katsewar wutar layi. Idan akwatin yana fitar da sautin da na'urar ba ta sani ba, sai ta ci gaba da naɗar ƙarar banza har lokacin da aka ƙayyade mata ya ƙare. Kira goma irin haka sun isa su cinye ma'ajiyarta. Ba a gane wannan daga kwali, sai an gwada su tare.

Tsere tsakanin na'ura da kamfanin waya

Wani abin da ke ruɗa masu saye shi ne layin salula da na intanet galibi suna da nasu akwatin saƙon murya a wurin kamfani. Idan kira ya shigo, ana tsere ne tsakanin biyun, wanda ya riga ɗagawa shi ke riƙe saƙon. A tsarin Amurka, bugu ɗaya da shirun da ke biye da shi daƙiƙa 6 ne, saboda haka na'urar da aka saita ta ɗaga bayan bugu huɗu tana buƙatar wajen daƙiƙa 20 zuwa 24. Idan kamfani yana karkatar da kira bayan daƙiƙa 15, na'urar ba za ta taɓa samun damar yin magana ba, mai gida kuma sai ya ɗauka ta lalace.

A layin salula ana iya gyara wannan da lambobin da tsarin GSM ya tanada. Danna *#61# yana nuna inda ake karkatar da kiran da ba a ɗaga ba, da tsawon jiran. Danna ##002# yana soke duk wata karkatarwa. Wanda yake so ya bar akwatin kamfani a matsayin madogara ta biyu zai iya tsawaita jiran zuwa daƙiƙa 30, wanda shi ne iyaka, sannan ya rage bugun na'urarsa zuwa uku. A Ingila kuwa, mai layin BT sai ya nemi a kashe masa ko a jinkirta sabis ɗin 1571.

Wutar lantarki

Tsohuwar wayar girke tana samun wutarta ne daga layin kamfani, shi ya sa take aiki ko an ɗauke wuta. Na'urar amsa kira ba haka take ba. Dole a jona ta da soket, kuma da zarar wuta ta tafi ta kurumce. Haka ma gindin wayar gida maras igiya, haka na'urar intanet, haka akwatin layin salula idan ba shi da batir a ciki. A ƙasar da wuta ke zuwa da tafiya sau da dama a yini, wannan ne ke raba na'urar da za ta yi amfani da wadda za ta zama adon falo.

Abu biyu ake tambaya. Na farko, idan wuta ta ɗauke, saƙonni suna nan? Na'urorin zamani suna ajiye su a irin ƙwaƙwalwar da ba ta gogewa idan babu wuta. Wasu tsofaffin kuwa suna dogara ne da batir mai ƙarfin bolt 9 da ake saka musu ta ƙasa, idan ya mutu, gaisuwa da saƙonni duka sun tafi. Na biyu, agogonta fa? Da yawa suna riƙe saƙo amma su manta lokaci, sai ka ji na'ura tana shaida maka cewa saƙon ya shigo ranar Litinin da ƙarfe 12 na dare alhali da la'asar ɗin Alhamis aka kira. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga gidan da ake kira daga ƙasashen waje. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, birnin New York kuma yana bayanta da awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara, kuma saƙon da ke cewa "gobe da safe" ba shi da ma'ana idan ba a san ranar da aka bar shi ba. Wasu na'urorin suna gyara agogonsu da kansu daga bayanin da ke zuwa tare da lambar mai kira. Irin waɗannan su ne abin nema.

Abin daɗin shi ne na'urar ba ta cin wuta, yawanci ƙasa da wat biyar take ja. Gidan da ke da sola ko inbata sai kawai ya jona ta a layin da ba ya mutuwa. Wanda ba shi da su, ƙaramin batir ɗin nan da ake sayarwa domin na'urar intanet yana iya riƙe ta awoyi, muddin ƙarfin wutar da yake fitarwa ya yi daidai da wanda aka rubuta a jikinta. A tuna cewa duk sarƙar ce ke buƙatar wuta. Babu amfanin rayar da na'urar amsawa idan akwatin da ke kawo mata layi ya mutu. Ko a Ingila, hukumar Ofcom sai da ta wajabta wa kamfanoni su tanadar wa masu dogaro da layin gida hanyar kiran agajin gaggawa ta aƙalla awa ɗaya idan wuta ta ɗauke, saboda sabon tsarin ba ya rayuwa da kansa.

Da damina kuma a yi hattara da tsawa. Igiyar tagulla da eriyar da aka ɗaga sama duk hanyoyi ne da wutar aradu ke bi ta shigo, kuma na'ura mai ƙaramin allo irin wannan ba ta jure mata.

Kayan gwanjo da tsarabar ƙasashen waje

Yawancin na'urorin da ake samu a kasuwanni irin su Alaba da Computer Village a Legas, ko Farm Centre a Kano, sun shigo ne daga Turai ko Amurka, wasu sababbi, wasu na hannu. Wasu kuma 'yan uwa ne ke kawowa tsaraba. Kafin a jona ko ɗaya, a karanta rubutun da ke jikin adaftar. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Idan an rubuta 100 zuwa 240, babu damuwa. Idan 120 kaɗai aka rubuta, jona ta kai-tsaye yana nufin hayaƙi. Idan kuma adaftar ta ɓata aka nemo wata, ba girman baki kaɗai ake dubawa ba. Wasu na'urorin wutar AC suke karɓa daga adafta, wasu DC, kuma musanya ɗaya da ɗaya yana iya ƙona su nan take.

Akwai wani tarko da ya fi wannan ɓuya. A yau da wuya a samu na'urar amsa kira ita kaɗai, yawanci tana zuwa ne a haɗe da gindin wayar gida maras igiya, irin na Panasonic, Gigaset, VTech ko Philips. Waɗannan wayoyi suna aiki da tsarin DECT. Na Turai suna amfani da zangon megahaz 1880 zuwa 1900. Na Amurka, waɗanda ake rubuta wa DECT 6.0, suna kan 1920 zuwa 1930, wanda ya faɗa cikin zangon da wayoyin salula ke aika saƙo zuwa turakun 3G a ƙasashen da ke bin tsarin 2100, har da Najeriya. Wayar Amurka ɗaya a falo tana iya dagula sabis ɗin maƙwabta, kuma saboda wannan dalili ne hukumar sadarwa ta Pakistan ta haramta amfani da su. Lambar 6.0 ba ta nufin ta fi ta Turai ci gaba, sunan talla ne kawai. Ga mazaunin Najeriya ko Nijar, samfurin Turai shi ne daidai. Dokar sadarwa ta 2003 ma ta ba NCC ikon tantance nau'in kayan sadarwa kafin a sayar da su a ƙasar.

Na Ingila kuma suna zuwa da igiya mai faffaɗan baki irin na BT, wanda ba ya shiga RJ11. Wannan ƙaramar matsala ce, ɗan mahaɗi ko sabuwar igiya sun warware ta. Wadda ta fi ta ita ce nuna lambar mai kira, domin akwai tsari biyu, FSK da DTMF, kuma idan na'ura da layi ba su yi magana da harshe ɗaya ba, allon zai zauna fayau. Akwatunan layin salula masu kyau suna ba da damar zaɓar ɗaya daga ciki.

Minti nawa ya isa?

A jikin kwali ana rubuta jimillar lokacin da na'ura ke ɗauka, galibi tsakanin minti 15 zuwa 60. A san cewa babbar lambar ana samun ta ne idan an rage ingancin sauti. Idan aka zaɓi sauti mai kyau, lokacin yana raguwa sosai, kuma gaisuwar mai gida ma a cikin lissafin take.

Abin da ya fi jimillar muhimmanci shi ne iyakar da aka sa wa kowane saƙo. Masana'antun sun yi lissafinsu ne da mai kiran da zai faɗi suna, ya faɗi buƙata, ya ajiye. Bahaushe kuwa sai ya yi sallama, ya gaida mai gida, ya tambayi iyali da gajiya da sanyi ko zafi, kafin ya gangaro kan abin da ya sa ya kira. Na'urar da ke yanke saƙo a daƙiƙa 30 za ta tara maka gaisuwa mai yawa, babu labari ko ɗaya. A nemi wadda za a iya saita ta zuwa minti biyu ko uku. Daga nan sai a yi lissafi: mai minti 18, idan kowane saƙo ya ci minti biyu, saƙo tara ne ta cika. Ga gida mai mutum biyu wannan ya isa. Ga mai sana'a, ko wanda zai yi tafiyar mako biyu, bai isa ba. Idan ta cika, yawancinsu suna komawa yin sanarwa kawai ba tare da naɗa ba, kuma mai kira ba zai san dalili ba.

A ra'ayina, yawan minti ba shi ne abin da ya kamata a ƙara kuɗi dominsa ba. Abin da ya cancanci ƙarin kuɗi shi ne lasifika mai fitar da murya tangaran, da manyan maɓallai a jikin gindin, da allon da ke nuna adadin sababbin saƙonni da lamba mai haske wadda za a hango daga bakin ƙofa. Na'urar da sai an shiga jerin zaɓuɓɓuka a cikin ƙaramin allon kan waya kafin a ji saƙo, tsoho ba zai yi amfani da ita ba, musamman da yake muryar da ke jagora a ciki da Turanci ko Faransanci take magana. Wasu samfuran suna da maɓallin rage saurin magana, wanda ke taimaka wa mai raunin ji da mai ƙoƙarin rubuta lambar waya.

Babban gida mai sassa da dama, ko mai mata fiye da ɗaya, zai amfana da irin na'urar da ke da akwatunan saƙo daban-daban, inda mai kira zai danna ɗaya ko biyu ya bar wa wanda yake nufi. Sun yi ƙaranci a kasuwa yanzu, amma wasu na'urorin intanet, irin FRITZ!Box da ta yaɗu a Jamus, suna da wannan a cikinsu, har suna tura saƙon zuwa imel.

Sirrin gida

Na'urar tana da wata ɗabi'a da ke da amfani da haɗari a lokaci guda: tana fitar da muryar mai kira ta lasifika yayin da yake barin saƙo. Amfaninta shi ne mutum yana iya saurare ya gane wane ne kafin ya ɗaga. Ga dattijon da 'yan damfara ke addaba da kiran ƙarya, suna cewa daga banki suke suna neman lambar BVN ko lambar sirrin kati, wannan katanga ce mai kyau, domin irin waɗannan mutane ba su cika son barin muryarsu a naɗe ba. Haɗarin kuwa shi ne duk wanda ke zaune a falo, baƙo ne ko yaro ko mai aiki, zai ji sakamakon gwajin asibiti ko maganar bashi ko ta neman aure. A tabbatar na'urar tana da hanyar kashe wannan sauraro, kuma a ajiye ta a ɗakin da ya dace.

Sai maganar sauraro daga nesa. Kusan kowace na'ura tana ba mai gida damar kiran lambarsa daga wani gari, ya danna lambar sirri, ya ji saƙonninsa. Tana ma da wata dabara da ake rubuta wa Toll Saver: idan akwai sabon saƙo ta ɗaga bayan bugu biyu, idan babu sai bayan huɗu, don haka da ka ji bugu na uku sai ka kashe ba tare da an ci maka kuɗi ba. Matsalar ita ce lambar sirrin da na'ura ke zuwa da ita daga masana'anta tana rubuce a littafin bayaninta, kuma littafin yana intanet. Wasu ma lambobi biyu ko uku ne kacal, waɗanda mai haƙuri zai iya canka. A zaɓi mai aƙalla huɗu, a sauya ta ranar farko, idan kuma ba a buƙatar sauraro daga nesa a kashe shi ɗungurungum.

Wanda yake ganin wannan tsoro ne na babu gaira, ya tuna abin da ya faru da jaridar News of the World ta Ingila, wadda aka rufe a watan Yulin 2011 bayan shekara 168 tana fitowa. Abin da ya kashe ta shi ne sauraron saƙonnin muryar mutane a ɓoye, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin da aka bi ita ce gwada lambobin sirrin da masu layi ba su taɓa sauyawa ba. A yau haɗarin ya ɗauki sabon salo. WhatsApp da wasu manhajoji suna iya kiran lambarka su karanto lambar tabbatarwa da murya. Ɓarawo yana iya neman a yi wannan kira da tsakar dare, saƙon ya faɗa akwatin murya, shi kuma ya shiga da lambar masana'anta ya ɗauka. Hukumar tsaron intanet ta Isra'ila ta yi gargaɗi kan wannan dabara tun 2018. Saboda haka layin da aka saka a akwatin gida bai kamata ya zama wanda ke ɗaure da asusun banki ko WhatsApp ba.

Gaisuwar da ake naɗa ita ma tana buƙatar tunani. Kada a ce an yi tafiya, kada a faɗi ranar dawowa, kada a jera sunayen mutanen gida, kuma kada a sa yaro ya naɗa don sha'awa. Abu kamar haka ya wadatar: "Assalamu alaikum. Ba mu samu damar ɗaga waya yanzu ba. Bayan ƙarar da za ku ji, ku faɗi sunanku da lambarku da saƙonku, za mu neme ku in sha Allahu." Jimlar tsakiya tana da muhimmanci, domin da yawa daga cikin masu kira ba su saba da na'urar ba, sai su yi ta sallama suna jiran amsa, ko su kashe da zarar sun gane ba mutum ba ne. Yana da kyau a ƙara cewa idan abin gaggawa ne a sake kira nan take. Mace da ke zaune ita kaɗai tana iya barin muryar da na'urar ta zo da ita, ko ta sa ɗan uwanta ya naɗa mata.

Wasu na'urorin suna da maɓallin naɗar hira yayin da ake yin ta. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya ya kare sirrin hirar tarho, a wasu wurare kuma, kamar jihar Kalifoniya ta Amurka, laifi ne a naɗi hirar sirri ba tare da yardar duk masu magana ba. Mai ƙaramin asibiti ko kantin magani da ke tara saƙonnin marasa lafiya ya sani cewa dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafe shi.

Ga mai wayar salula kaɗai

Wanda ba shi da layin gida kuma ba ya shirin kafa shi, akwatin saƙon murya na kamfaninsa ya ishe shi, kuma yana aiki ko wayar tana kashe ko babu sabis, abin da na'urar gida ba ta iyawa. A yi hattara da manhajojin da ke iƙirarin mayar da wayar Android na'urar amsa kira. Tun watan Mayun 2022 kamfanin Google ya toshe babbar hanyar da manhajojin waje ke bi su naɗi kira, don haka da yawansu ba sa yin abin da suka alkawarta, amma suna neman izinin shiga lambobin mutane da makirufo.

Gwaji kafin a biya

Mai saye ya tafi kasuwa da akwatin layinsa idan yana da shi, ko ya yi yarjejeniya da mai shago cewa zai dawo da kaya idan ba su dace ba. A jona, a naɗi gaisuwa, a kira daga wayar hannu, a bar saƙo mai tsawon minti ɗaya da murya ƙasa-ƙasa, domin wasu na'urorin suna ɗaukar sanyin murya a matsayin shiru su yanke. A kashe kiran a ƙirga daƙiƙa nawa take yi kafin ta saki layi. A zare filogi na minti biyar a mayar, a ga ko saƙo da gaisuwa da agogo suna nan. Idan mai kan waya maras igiya ce, a buɗe murfin batir: masu amfani da ƙananan batura na AAA da ake caji ana samun madadinsu a kowane gari, masu ƙunshin batir na musamman kuwa sai an yi oda. A ɗauki kan wayar a zagaya da shi, domin mita 50 da ake rubutawa na cikin gida ba a auna su da katangar bulo da rufin kwano ba.

Idan ta hannu ce, a nemi a mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta tun a shagon, domin lambar sirrin tsohon mai ita tana iya hana ka sauya komai, kuma ba abin mamaki ba ne ka tarar da saƙonnin wani iyali na Manchester ko Hamburg har yanzu suna ciki.